Na je ziyarar Washinton, na tarar da Sambo

Fuskar mutumin na san ta tun kafin in san tarihinsa. Ita ce a jikin takardar dala ɗaya, wadda 'yan canjin Wapa ke yi wa kallon hadarin kaji, su dai a kawo musu mai ɗari. Wanda ke kan mai ɗarin kuwa, Benjamin Franklin, bai taɓa shugabancin Amurka ba. Labarin Joj Washinton ɗaya ne ya zauna mini a kai, shi ma a majalisarmu ta bayan magariba na tsince shi. Duk lokacin da zancen tazarce ya taso, sai wani ya ce ai shugaban Amurka na farko sau biyu ya yi, ya tattara komatsansa ya koma gona, alhali ba wanda ya ce masa sauka. Shi ya sa da ɗan yayata, wanda na sauka a gidansa, ya tambaye ni inda nake son zuwa ranar Asabar, ban yi dogon tunani ba na ce ya kai ni in ga gonar nan da ta fi kujerar mulki daɗi.

Sunan wurin Mount Vernon, yana jihar Bajiniya, kamar kilomita 25 kudu da babban birnin da aka sa wa sunan mai gidan. Hanyar tana bin gefen kogin Potomac, ta ratsa tsohon garin Alexandria. Lokacin kaka ne, ganyen itatuwa ya rikiɗe ja da rawaya, ga wani sanyi mai shiga ƙashi ba tare da ƙura ba. Na saka rigar sanyi a ƙarƙashin kaftanina, yaron yana ta yi mini dariya wai ai sanyin bai ma fara ba.

Daga nesa gidan kamar da duwatsu aka gina shi, ga jan rufi, ga ɗan ƙaramin soro a tsakiya da siffar kurciya a ƙololuwarsa. Da muka matso sai yaron ya ce, "Kawu, duba bangon nan da kyau." Ashe katako ne. An sassaƙa allunan yadda za su yi kama da tubalin dutse, aka shafa fenti, tun bai bushe ba aka watsa masa yashi. Na daɗe ina kallon wannan dabara. Mutumin ya san darajar ido, ya kuma san tsadar dutse. Mahaifinsa ne ya fara gina ɗan madaidaicin gida a nan a 1734, yayansa Lawrence ya raɗa wa wurin sunan wani kwamandan jiragen ruwan Ingila da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, shi kuma da abin ya dawo hannunsa ya yi ta ƙari har ɗakuna suka kai 21.

Ana shiga ne a layi, kowane ɗaki da mai bayaninsa, ba a barin mutum ya yi ta tsayuwa. A babban ɗakin baƙi na ɗaga kai na ga adon da aka yi wa silin, sai ga lauje da manjagara da sauran kayan gona. Janar ne da ya ci Ingila da yaƙi, amma abin da ya zaɓa ya rataya a saman kan baƙinsa ke nan. A zauren tsakiya kuma akwai wani ƙaton makullin ƙarfe cikin akwatin gilashi, makullin kurkukun Bastille na birnin Faris, wanda jama'a suka fasa a 1789. Lafayette, Bafaranshen da ya yi yaƙi tare da shi yana saurayi, shi ya aiko masa a 1790 a matsayin shaidar an karya ƙofar zalunci. Na wuce shi a lokacin ina gyaɗa kai kawai. Sai can da yamma makullin ya dawo mini a rai.

Noman nasa ba na shafa-shafa ba ne. Eka kusan 8,000 ce, an kasa ta gonaki biyar. Da ya ga taba tana cinye ƙarfin ƙasa, dillalan Landan kuma suna cinye ribar, sai ya juya ga alkama a shekarun 1760, ya gina injin niƙa mai aiki da ruwa, yana sayar da gari. Sarkin Sifen ya aiko masa da jaki a 1785, ya shiga haɗa shi da goɗiyoyi yana samun alfadarai. Ya ƙirƙiro wata rumfar sussuka mai kusurwa 16, dawaki suna zagayawa a sama suna tattake alkama, ƙwayar tana zuba ƙasa ta tsakanin katakai. An sake gina irinta, na shiga na leƙa, kuma na yaba. Yana da masunta a kogin, yana kuma da wurin dafa barasa da ya fitar da galan kusan 11,000 a 1799. Wannan na ƙarshen ban je na gani ba.

Inda na fi daɗewa shi ne barandar bayan gidan, doguwa mai ginshiƙai, an jera kujerun katako suna fuskantar kogi. Ruwan yana da faɗi ƙwarai, tsallakensa jihar Maryland ce, kurmi ne kawai ba gini ko ɗaya, domin da gangan aka hana gini a can don kada a ɓata abin da mai gidan yake gani. A nan na zauna na tauna abin da ya kawo ni. Sau biyu mutumin nan ya ajiye iko. Na farkon ma ya fi ban mamaki. A ranar 23 ga Disamba 1783, yaƙi ya ƙare, soja na hannunsa, majalisar ƙasar kuwa ko albashinsu ta kasa biya, ya je gabanta a Annapolis ya miƙa takardar muƙaminsa, washegari ya iso gida. Duk wanda ya girma yana jin kiɗan soja a rediyo da asuba ya san nauyin wannan. An rantsar da shi shugaba a New York ranar 30 ga Afrilu 1789, ya sauka a watan Maris 1797, kuma a lokacin babu dokar da ta ƙayyade wa'adi. Al'adar da ya kafa ita ta riƙe ƙasar har zuwa Franklin Roosevelt da aka zaɓa sau huɗu, sannan aka mayar da ita doka a 1951. A wannan fannin ban rage masa komai ba. Gajiya da tsufa da zagin jaridu suna cikin dalilansa, to amma nawa muka gani da suka fi shi tsufa da gajiya, sai da aka fitar da su a makara?

Bai more hutun ba. A bene aka nuna mana ɗakin da ya cika, da gadon. Ranar 12 ga Disamba 1799 ya fita zagayen gona a kan doki cikin ƙanƙara da ruwa, ya dawo ya zauna cin abinci bai sauya kaya ba don kada baƙi su jira. Maƙogwaro ya kumbura. Likitoci uku suka taru, maganin zamanin kuwa shi ne a tsaga jijiya a zubar da jini, aka yi masa har sau huɗu, aka fitar da fiye da lita biyu. Wanzamin ƙauyenmu da ƙahonsa ba zai yi wannan ganganci ba. Ya rasu daren 14 ga wata yana da shekara 67, bayan ya roƙi kada a sa shi a kabari sai ya kwana uku, saboda tsoron a binne shi da rai. Mu da ke gaggawar kai mamaci makwancinsa kafin rana ta faɗi, wannan wasiyya baƙuwa ce a kunnenmu. Mai bayanin ta ƙara da cewa akwai bayi huɗu a ɗakin lokacin da rai ya fita. Ɗayansu, Christopher Sheels, tun safe yake tsaye a gefen gado, sai da la'asar maras lafiyan ya lura ya ce masa ya zauna.

Daga nan ziyarar ta sauya mini. Muka fito ta wajen madafa, muka bi jerin ƙananan ɗakuna na wanki da saƙa da ƙira da ajiyar gishiri, har zuwa wani ginin jan bulo da ke jingine da ɗakin rainon tsirrai. A ciki gadaje ne na katako, wani bisa wani, kamar ɗakin kwanan 'yan makarantar kwana. Nan bayin da ke aiki a babban gida suke kwana. A shekarar da ya rasu mutum 317 ne ke bauta a gidan da gonakinsa. Abincin da ake auna wa babba a rana shi ne kimanin lita ɗaya ta garin masara da ɗan kifi mai gishiri, aiki kuwa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kwana shida a mako. Sauran abin da za su sa a baki daga 'yar gayaunarsu yake fitowa, da kajin da suke kiwo, da abin da suka kamo a daji ranar Lahadi.

Cikin sunayen bayin gidan na ci karo da Sambo.

Na kira yaron na nuna masa. Ya ɗan yi turus, ya rage murya ya ce, "Kawu, a hankali da sunan nan, a ƙasar nan zagi ne, da shi ake yi wa baƙar fata ba'a." Na ce masa a ƙasarmu kuwa sunan mutanen kirki ne, Fulani suna kiran ɗa na biyu da shi, mun yi mataimakin shugaban ƙasa mai wannan suna, kuma a unguwarmu kaɗai na san Sambo uku. Yadda suna mai daraja ya haye teku ya koma abin dariya, shi kansa ya isa labari.

Sambo Anderson kafinta ne. A Afirka ta Yamma aka haife shi, aka kawo shi Bajiniya yana yaro. Wanda ya san shi da tsufansa ya rubuta cewa yana da tsaga a fuska, da 'yan kunnen zinariya, kuma yana cewa shi jinin sarauta ne. Yana cikin masu sassaƙa da gyaran gine-ginen da muka gama yabawa yanzun nan. Yana kiwon zuma, har ubangidan nasa yana saye a hannunsa, kuma an san karin kumallon Washinton wata irin wainar masara ce da ake tsamowa cikin man shanu da zuma. Yana da ɗan kwalekwalensa, an ce idan Janar zai ara sai ya nemi izini, ya kuma mayar da shi inda ya same shi. Na yi ta juya wannan a raina. Mutum ya mallake ka ɗungurungum, kai da guminka, amma ya nemi izininka kafin ya hau jirginka. A watan Afrilu 1781, wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Savage ya tsaya a kogin nan daidai gaban barandar da na zauna, bayi 17 suka gudu suka shige shi, Sambo yana cikinsu. Bayan an ci Ingila aka kamo shi aka dawo da shi bakin aikinsa. Wato nasarar da ta ba Amurka 'yanci ita ta mayar da Sambo bauta. Wani abokin bautarsa, Harry, wanda ke kula da dawaki, shi ya tsira. Ya bi Turawan Ingila zuwa Nova Scotia, daga can a 1792 ya shiga jirgin da ya kai 'yantattun bayi Saliyo, ya yi gonarsa a can.

Ba Sambo kaɗai ba ne sunansa ya yi mini kama da na gida. A takardar harajin 1774 an rubuta wata mata "Fatimer" da wata "ƙaramar Fatimer". Ba sai an yi wa Bahaushe fashin baƙi ba, Fatima ce da 'yarta ko takwararta. Shi kansa Washinton ya taɓa rubuta wa wani wakilinsa a 1784 cewa ya samo masa ƙwararrun ma'aikata, ko daga Asiya suke ko Afirka ko Turai, ko Musulmi ne ko Yahudu ko Kirista ko marasa addini, shi dai su iya aiki. Ana yawan kawo wannan wasiƙa a matsayin shaidar sauƙin kansa kan addini. Haka ne, sai dai maganar sayen ma'aikata ake yi a cikinta.

A gidan tarihin da ke harabar aka ajiye haƙoransa na sakawa. Amurkawa sun daɗe suna cewa na katako ne, ba haka ba ne. Da hauren dabbobi irin su dorina aka yi masa su, da ƙarfe, da haƙoran dabbobi, da na mutane. Ranar da aka rantsar da shi haƙori ɗaya tak ya rage masa a baki, abin da ya sa leɓensa ya ɗaure a hoton dala ke nan. A littafin kuɗin gidan na 1784 akwai inda aka rubuta an biya sule 122 kuɗin haƙora tara da aka karɓa daga baƙaƙen fata. Na taɓa nawa da harshe ban san na yi ba.

Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Ona Judge, baiwar da ke yi wa uwargida Martha hidima. Lokacin babban birnin ƙasar yana Filadelfiya, kuma dokar jihar ta ce duk bawan da ya yi wata shida cur a can zai iya neman 'yancinsa. Sai shugaban ƙasa ya riƙa fitar da bayinsa daga jihar kafin wa'adin ya cika, a dawo da su lissafi ya koma farko. Ona ta ji za a bayar da ita kyauta ga jikar Martha da ta yi aure, sai ta sulale ranar 21 ga Mayu 1796 ana tsakiyar cin abincin dare, ta shiga jirgin ruwa zuwa Portsmouth a New Hampshire. Aka sa cigiya a jarida da ladan dala 10. Da aka gano inda take, ta aiko cewa za ta dawo idan aka yi mata alkawarin 'yanci bayan rasuwar iyayen gidan. Washinton ya ƙi, ya ce ba za a saka wa rashin biyayya da alheri ba. A shekarar ce fa ya rubuta jawabinsa na bankwana da mulki. Ya saki ƙasa guda da hannunsa, amma yarinya ɗaya mai ɗinki ya bi ta da aike har shekarar mutuwarsa. Ba ta dawo ba, ta rasu a can a 1848, cikin talauci. A nan makullin Bastille ya faɗo mini.

Ina cikin wannan zafin rai sai na tuna laifi tudu ne. A daidai zamanin da ake wannan a Bajiniya, ana cinikin mutane a kasuwannin ƙasar Hausa, ana kai su rinji, ana kora wasu arewa ta hamada. Kalmomin murgu da fansa da bacucane ba daga Turanci muka aro su ba, kuma sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Yaron da ya zama Sambo Anderson ma ba Bature ne ya shiga har ƙauyensu ya ɗauko shi ba, galibi hannun na gida ne ke kai mutum bakin teku. Bambancin da na gani shi ne su nan sun rubuta komai, har kuɗin haƙori, kuma jikokinsu sun buɗe littafin suna nuna wa baƙo.

Wasiyyarsa shafi 29 ce, da hannunsa ya rubuta ta a watan Yuli 1799. A ciki ya 'yanta bayinsa, ya ce a ciyar da tsofaffinsu, a koya wa marayunsu karatu da sana'a. Cikin shugabannin farko masu bayi da yawa, shi kaɗai ya yi haka, wannan ma a ba shi. Amma cikin 317 ɗin nan, 123 ne kawai nasa. Wasu 153 dukiyar gadon mijin Martha na farko ce, doka ba ta ba shi ikon taɓa su ba, ragowar kuma hayarsu ya yi. Mutum ɗaya aka saka nan take, William Lee, wanda ya bi shi duk tsawon yaƙi. Sauran ya ce sai bayan ran Martha. Ka ji tsaka mai wuya, tsohuwa tana zaune cikin mutum sama da ɗari da suka san numfashinta ne kaɗai ya rage tsakaninsu da 'yanci. Ba ta jira ba, ta sake su ranar 1 ga Janairu 1801. Sambo ya zama ɗa. Matarsa Agnes da 'ya'yansu kuwa suna cikin kason gado, don haka da Martha ta rasu a 1802 aka raba su tare da sauran dukiya tsakanin jikokinta huɗu.

Kabarin Washinton yana gangare, ginin jan bulo da ƙofar ƙarfe, ta cikinta ana hango akwatunan marmara biyu, nasa da na matarsa. Jama'a sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto. 'Yan taku kaɗan daga nan, cikin itatuwa, maƙabartar bayi take. Mu uku kawai na ƙirga a wurin. Akwai wani dutse da aka kafa a 1929, da wani gajeren ginshiƙi na 1983 wanda ɗaliban jami'ar Howard suka tsara. Masu binciken ƙasa sun gano kaburbura sama da 80, babu ko ɗaya mai suna. Kabari maras suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka muke binne iyayenmu, amma mu akwai mai nuna maka ya ce nan ne na kakanka. Na cire hulata na mayar, ban san abin da ya dace ba, daga ƙarshe na yi sallama a hankali kamar yadda ake yi idan an shiga maƙabarta.

A 1835 wani ɗan jarida ya zo wurin nan ya tarar da wasu 'yantattun baƙaƙen fata suna gyara harabar sabon kabarin Janar, sun ce don kansu suka zo. Cikin sunayen da ya rubuta akwai Sambo Anderson da ɗansa William. A lokacin tsoho ne tukuf. Bayan 'yancinsa ya kafa gida a bakin wani rafi da ake kira Little Hunting Creek, yana harbin agwagwar ruwa yana kai wa masu masauki a Alexandria, da kuɗin ya fanshi wasu daga cikin zuriyarsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rasu a 1845.

La'asar ta yi mana a wurin ajiye motoci, muka shimfiɗa darduma a gefen ciyawa. Da muka kama hanyar komawa, ba mu yi nisa ba sai ga wata 'yar gada da allo ɗauke da sunan rafin. Na ce, "Ɗan rage gudu." Ya rage. Ruwa ne kwance, da ciyayi a bakinsa, da gidajen masu hali can ciki, da agwagi kamar biyar suna iyo. Na sauke gilashi ina leƙe, har mai motar bayanmu ya danna mana ham, yaron ya ɗaga masa hannu ya taka mai.